Lambar Injin Stella

Saginaw,
3 ga Maris.

Zuwa ga Kaka Eugene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma sanyin can arewa bai matsa maka ba.

Ni ce Delia, 'yar Renee, jikar yayanka Walter. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ni ce kake aiko wa kati duk Kirsimeti da takardar dala biyu a ciki. Suna nan guda goma sha shida a gwangwanin biskit, ban kashe ko ɗaya ba. A bayan ambulan na samo adireshinka. Mama ta ce ba ka da waya, ko kana da ita ma ba za ka ji ba, injin yankan katako ya cinye maka kunne. Ka yi haƙuri, yadda ta faɗa na rubuta.

Ban sani ba ko labari ya iso maka. A watan Oktoba Kaka Walter ya faɗi a bakin gareji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana gane kowa, yana cin abinci da hagu, amma magana ta tafi. Kalmomin da suka rage masa ba su wuce biyar ba: a'a, kofi, ƙarya, sunan Mama, da wata ashar da ba zan rubuta ba. Ni da Mama mun dawo gidansa da zama. Ita take ɗaga shi, ita take yi masa wanka, sannan ta tafi gidan wanki da guga inda take aiki ta tsaya awa takwas. Yanzu ita ma bayanta ya riƙe. Rannan da safe na same ta zaune a matakala, safa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, barci ya kwashe ta.

Likita ya ce ɗayan biyu ne: ko a ɗauki mai jinya ta riƙa wuni da shi a gida, ko a kai shi gidan tsofaffi. Na farkon sai da kuɗi. Na biyun kuwa, da aka faɗa a gabansa, ya haɗa kalmominsa biyu a jere, a'a da waccan ɗayar.

To, ga maganar Stella. Mama ta ce ku biyu kuka raɗa wa motar sunan gwaggonku, saboda tun daga ƙarshen layi ake jin zuwanta. Tana nan a gareji, shuɗinta bai dushe ba. Duk Lahadi bayan coci nakan tura Kaka a kekensa na marasa lafiya zuwa can, in wangale ƙofa, in tayar da ita minti goma kamar yadda ya koya min. Yakan ɗora hannunsa mai lafiya a kan bonet ya lumshe ido. A duk mako lokacin nan ne kaɗai fuskarsa take komawa daidai.

Ka ga yadda farashin irin motocin nan naku masu ƙaton inji ya haukace? Kaka ya taɓa ce min lokacin tsadar mai har roƙo ake a raba mutum da su. Yanzu gwanjonsu ake nunawa a talabijin, masu furfura suna ɗaga hannu kamar 'yan aji. Ba a mako ba mu tsinci takardar wani a akwatin wasiƙunmu ba, wai in za a sayar a kira shi kafin kowa.

Kawu Curtis ya kawo wani Mista Ogilvie daga Chicago, ya zo da makanikensa. Makaniken bai ko kalli fenti ba. Ya fito da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori, ya zura kai gaban inji, ya goge wani ɗan fili da yatsa ya karanta lambar da ke wurin. Sai ya zagaya ya duba ta jikin motar, a ƙasan gilashin gaba. Ya miƙe yana goge hannu ya ce ba su zo ɗaya ba, wannan injin ba da shi ta fito daga masana'anta ba.

Mista Ogilvie ya ce da nata ne na asali zai ba da dala dubu ɗari da arba'in ya ƙara da godiya. A haka kuwa, dubu arba'in da biyar.

Kawu ya ce, "Saboda lamba kawai? Kai ba ka ji yadda yake gurnani ba?"

Ya ce, "Abokina, gurnani ko kare yana yi. Ni lamba nake saye."

Mama ta ce ƙaramin kuɗin shekara ɗaya zai riƙe mai jinya, babban kuwa shekara uku da wani abu. Ba wanda ya ce shekara uku ta isa, amma kowa ya yi shiru irin na ta isa.

A nan ne ta ce injin asalin yana wurinka tun kafin a haife ta. Kawu ya ce shi ba zai roƙe ka ba. Mama ta ce ita kunya take ji, ba gaisuwa ba komai sai da buƙata ta taso. Sai suka juyo suka dube ni, wai ni ce mai kyan rubutu. Sau uku ina farawa ina yagawa.

Don Allah Kaka, in yana nan, za ka ba mu shi, ko ka sayar mana? Don ya zauna a gidansa ne kawai. In na yi rashin kunya ka yafe min.

Ka huta lafiya.
Jikarka,
Delia.


Newberry,
12 ga Maris.

Delia,

Na ga takardarki, na gode da gaisuwa. Rubutunki da kyau, ba su yi ƙarya ba. Lafiyata ƙalau sai gwiwa. Dusar ƙanƙara har yanzu tana bakin taga.

Na ji abin da ya sami Walter. Allah ya ba shi sauƙi. Ban yi mamakin ashar ɗin da ta rage masa ba, da ita ya fara magana.

Inji kuwa kun makara. Tun shekarar da na zo na ɗaura masa sarƙa na jefa shi a tafki, shi yake riƙe min kwalekwale. Ki gaya wa Curtis in yana so ya zo da wandon iyo, ƙanƙara za ta narke a watan Mayu. Rabona da shi yana rarrafe yana cin ƙasa, kuma da alama bai canza sosai ba.

Shekara hamsin ba wanda ya tambayi inda ƙarfen nan yake sai da talabijin ta faɗi kuɗinsa. Ni ma ina da talabijin.

Ki kashe dalolin nan, don haka aka yi su. Ki gaida mahaifiyarki. Ki ce in za ta ɗaga shi ta riƙa durƙusawa da gwiwa, ba da baya ba.

Sai wata rana.
Eugene.


Saginaw,
7 ga Afrilu.

Zuwa ga Kaka Eugene,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ya gwiwar? Ka yi haƙuri na jima ban amsa ba, jarrabawa muka yi, kuma ban san me zan ce ba.

A wurin cin abinci na karanta musu wasiƙarka, na tsallake maganar cin ƙasa. Kawu ya ture farantinsa ya ce, "Dubu casa'in da biyar a ƙarƙashin ruwa, kifaye suna ƙwai a ciki! Wannan tsohon dama an ce mugunta ce ta hana shi ƙiba."

Mama ta ce, "Ka rufe mana baki. Kai me ka ajiye na shekara hamsin?"

Kaka kuwa yana gefe, na ɗauka ma bai bi karatun ba. Sai ya doki hannun kekensa ya ce, "Ƙarya!" Ya sake cewa, "Ƙarya!" Sannan ya dunƙule hannun hagu ya shiga juya shi a iska, a hankali, kamar mai tuƙa wani abu mai nauyi. Ya dube ni ya sake juyawa. Na kawo masa kofi, ya ture. Na buɗe taga, ya yi ashar. Kawu ya ce ƙwaƙwalwar ce ta fara tafiya. Ni dai ban ga alamar haka a idonsa ba. Tun ranar, duk sanda aka ambaci sunanka sai ya yi wannan juyin. Ko ka san abin da yake nufi?

Ranar Alhamis mun je ganin gidan tsofaffin. Ba zan ɓata su ba, wurin tsaf yake, ma'aikatan kuma suna da kirki. A falo an jera maza a kekuna suna kallon talabijin, kuma ka san me ake nunawa? Gwanjon motocin nan. Wani tsoho mai bargo a cinya ya kama hannun rigata ya nuna wata ja, ya ce, "'Yan mata, kin ga waccan? Irinta na yi sak. Dala ɗari shida na sayar, na sayo wa matata injin wanki." Na kusa da shi ya ce, "Kullum sai ka faɗa. Injin wankin yana ina?" Ya ce, "Ya bi matar." Suka yi dariya, amma ba irin wadda ake taya mutum ba.

Kaka bai kalli talabijin ɗin ba. Tun da muka shiga ya juya fuska ga bango har muka fito. Matar ofis ta ce gado zai samu ranar ɗaya ga Yuni, za ta riƙe mana shi. Mama ta sa hannu. A mota ƙarar abin share gilashi ce ta raka mu gida.

Masu son Stella ba su daina zuwa ba. Jiya wani ya tsallako shinge ya leƙa ta tagar gareji, na ce masa ba kowa a gida, alhali ga ni a tsaye. Kowa ya zo tambayarsa ɗaya, lamba ta dace? In na ce a'a sai fuskarsa ta sauka kamar na ce masa an yi rasuwa. Kawu ya ce farashin ƙara hawa yake, a jira. Mama ta ce, "Kai da kake zuwa ranar Lahadi da kwalin cincin ka tafi, ai kai ka iya jira."

Ya ce, "Ni fa masu saye nake nemowa, Renee."

Ta ce, "Ka nemo mai kai shi banɗaki ƙarfe shida na safe mana."

Na gaya mata maganar gwiwa. Ta ce wa ya gaya maka bayanta yana ciwo. Na ce ni. Ta ce bakina ya fi ƙarfi a takarda. Gaskiya ne, a aji ko an kira sunana sai muryata ta maƙale.

Ba zan sake roƙon injin ba, tunda ka ce ya tafi. Amma ina da tambaya, in ba ka so kada ka amsa. Me ya haɗa ku? Mama ba ta sani ba, Kaka ba zai iya faɗa ba, Kakata da ta sani ta rasu. Ina ganin bai kamata a ce duk gidan nan ba mai labarin ba.

Na kashe dala biyu ɗaya, na sayi kan sarki da ita.

Allah ya ƙara lafiya.
Jikarka,
Delia.


Newberry,
16 ga Afrilu.

Jikalle,

Ina gaishe ki. Gwiwa tana nan inda take. Kin tambaya, zan faɗa sau ɗaya.

Mu biyu muka sayi Stella, rabi da rabi, a ƙarshen 1969. Walter yana gidan narka ƙarfe, ni ina layin haɗa motoci. Aikina buga lamba a jikin inji kafin a sauke shi cikin mota. Ƙarafan lambobin a jere suke cikin maƙali ɗaya. Ka saita, ka ɗaga guduma, bugu ɗaya, na gaba ya iso. Ba a bugu biyu. Na san ranar da tamu za ta biyo layi, na roƙi shugaban aiki ya nuna min ita. Da injinta ya iso gabana hannuna ya yi rawa, bugun farko bai kama sosai ba, sai da na ƙara. Cikin dubban da na buga, nata ne kaɗai lambarsa take da inuwa. Ni da Walter ne muka san haka, yanzu ke ce ta uku.

A watan Yunin 1974 na auri Lorraine. Stella ce za ta kai ta coci ranar Asabar. Na wanke ta, na goge, ƙannen amarya suka ɗaura mata furanni. Ranar Juma'a da la'asar Walter ya ce zai je filin tsere da ita. Na ce Walter, yau ɗaya dai ka bar ta. Ya ce gudu ɗaya zai yi ya dawo. Da igiya aka jawo ta, inji ya yi nokin, baƙin mai yana zuba, furannin suna nan a jiki. Lorraine a motar yayanta mai sayar da kifi ta je coci. Har muka tsufa in ta buɗe akwatin rigar nan sai ta ce tana jin ƙarni.

Wannan duk da na haƙura. Amma a wurin liyafa ya miƙe da kofi a hannu ya ba da labarin, har da kwaikwayon ƙarar injin, mutane suna ta dariya. Ya dube ni ya ce, "Haba Gene, ƙarfe ne fa kawai."

Ranar Litinin na zo da sarƙa na cire injin. Na ce tunda ƙarfe ne kawai ba zai yi kewarsa ba, na ɗauki rabona. Shi ya sayi wani a wurin 'yan gwangwan ya saka, ni na haye gada na yi arewa. Na jira ya rubuto kalma ɗaya. Shi ma ina jin jira ya yi. Mu 'ya'yan babanmu ne, mun iya jira.

Matanmu ba su daina rubuta wa juna ba. Lorraine ce ta fara aika miki kati. Da ta rasu na ga sunanki a littafinta, na ci gaba.

Hannun da yake juyawa ban sani ba. Wataƙila sukari yake so a motsa masa.

Ki riƙe karatunki. Ki gaida mahaifiyarki.
Eugene.


Saginaw,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Kaka Eugene,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ƙanƙara ta narke kun ga ƙasa. Na gode da labarin. Na karanta shi sau da yawa. Yau kuwa laifi na zo faɗa, kuma nawa ne.

Kawu ya samo wani mutum a bayan gari mai suna Duane. Aikinsa shi ne ya goge lambar inji da dutsen wuta, ya buga wadda ake so, ya shafa wani abu wurin ya yi kamar ya shekara hamsin. Kawu ya kuma samo mai saye a can nesa wanda hoto kawai zai gani, ba zai turo makanike ba. Ya ce kowa haka yake yi yanzu, wai motocin da suke yawo da lamba mai dacewa sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

Ya zaunar da ni ya ce in rubuta tallan, in sa cewa injinta na asali ne. Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "Iye! Waliyyiya Delia. To ke za ki biya mai jinyar da dalolinki bibbiyu?"

Ina so in nuna masa abin ba zai yiwu ba, sai bakina ya suɓuce. Na ce ai lambar gaskiyar ba irin sauran ba ce, tana da inuwa, kai ka buga ta sau biyu don hannunka ya yi rawa. Na ɗauka hakan zai sa ya fasa.

Sai Kawu ya tafa hannu. Ya ce, "Madalla da 'yar boko! Sai a ce wa Duane ya buga sau biyu. Ga labari kuma mai daɗi, ƙanin mai mota ne ya buga da kansa. Masu kuɗin nan labari suke so, wannan kaɗai zai ƙara dubu goma." Har ya ce in kawo wasiƙarka a haɗa da takardun motar. Na ce na ɓatar. Tana cikin littafin lissafina a makaranta.

Sirrin mutum uku ka ba ni, ban yi wata guda da shi ba na zubar. Ban san yadda zan ba ka haƙuri ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Tunda Kaka ba ya iya sa hannu, Mama ce mai sa masa a komai, don haka sunanta ne zai hau takardar ciniki, ba na Kawu ba. Na duba a laburaren makaranta, na ga ana kai mutane kotu a kan irin wannan, har da ɗauri. Na gaya mata tana jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Ba ta ko buɗe ido ba. Ta ce, "Delia, ban ji ba, ban gani ba. In ɗaure ni za su yi, aƙalla a can zan kwanta." Ta yi dariya kaɗan, ni ban yi ba.

Jiya Lahadi Kawu ya shigo gareji da tocila zai ɗauki hoton wurin lambar ya tura wa Duane. Kaka ya tura kekensa da ƙafa ɗaya ya tare gaban motar. Ban taɓa ganin ya motsa keken da kansa ba. Kawu ya ce, "Baba, don kai ake yi fa." Kaka ya ce, "A'a." Ya ce, "To gidan tsofaffin kake so?" Kaka ya ce, "A'a." Ya ce, "To me kake so?" Sai Kaka ya ɗaga hannu ya shiga juyin nan, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Kawu ya fita ya zauna a motarsa ya daɗe bai tayar ba. Shi ma Kawu ba mugu ba ne, Kaka Eugene. Tsoro yake ji, shi kuma tsoronsa da surutu yake fita.

Tunda na fara faɗin laifi bari in ƙarasa. Ranar da ka rubuto cewa injin yana tafki, a ɓoye na ji daɗi. Na ce shi ke nan, ba za a sayar da Stella ba, Lahadinmu tana nan. Ban tuna da bayan Mama ba sai daga baya. Yanzu na gane ko ta wace hanya motar tafiya za ta yi. Abin da ya rage shi ne ko Kaka zai bi ta fita daga gidan, da kuma sunan wa zai ɓaci.

Duane zai zo ranar Asabar, sha takwas ga wata. Ba roƙo nake ba. Na ga dai hannunka za a kwaikwaya, ya kamata ka sani.

Ka yafe min. Ka huta lafiya.
Jikarka,
Delia.


Newberry,
11 ga Mayu.

Jikalle,

Gaisuwa a taƙaice, mai kai wasiƙa yana jira.

Ba wanda zai kwaikwayi rawar hannuna ina raye.

Walter ya yi gaskiya, ƙarya na yi. Dutse ne yake riƙe min kwalekwale. Injin yana rumfar bayan gida, lulluɓe da bargon Lorraine. Tun sanyin farko na gyara shi. Babanmu ya koya mana cewa injin da aka ajiye ba a juyawa kamewa yake. Don haka duk ɗaya ga wata nakan cire fulogai, in ɗiga mai, in sa dogon sifana in juya shi sau biyu. Ban taɓa tsallake wata ba, ko watan da aka binne Lorraine. Abin da yake nuna miki ke nan da hannu. Ya san ba zan iya barinsa ya kame ba. Tsohon banza, ya fi kowa sanina.

Zan zo ranar Alhamis a a-kori-kurar maƙwabcina Toivo, shi zai tuƙa. Ki share garejin. Ki ce wa Curtis ya sallami mutuminsa, ya nemo abin ɗaga inji, ya zo da tsofaffin kaya, zai sha baƙin mai. Mahaifiyarki ta kira na Chicago ɗin ya turo mai madubinsa.

Kada a yi min maganar rabo. Na ci nawa shekara hamsin.

Injin 'yan gwangwan ɗin ba mai sayensa, kada a yar. Ina da abin da zan yi da shi.

Kada ki gaya wa Walter komai. Ko da yake ki gaya masa, kada ya gan ni ya sake faɗuwa.

Laifinki kuma ban gan shi ba.
Eugene.


Saginaw,
23 ga Yuni.

Zuwa ga Kaka Eugene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa gida lafiya kai da Mista Toivo.

Ranar Laraba aka zo aka ɗauki Stella a cikin rufaffiyar mota. Tunda lamba ta dace, Mista Ogilvie ya biya babban kuɗin. Ya ce ba zai tuƙa ta ba, kowane mil rage mata daraja yake, ɗaki mai ɗumi ya tanadar mata. Kaka bai fito ba. Ni na tsaya har suka sha kwana.

Mai jinyar ta fara zuwa, sunanta Misis Abernathy, ba ta tsoron ashar. An ba wani gadon can na gidan tsofaffi. Mama ta yi barci jiya har ƙarfe tara.

Ga hoton da na ɗauke ku cikin Stella a ƙofar coci, ranar da ka zagaya da shi. Ba wanda ya yi murmushi a cikinku, amma ka duba inda hannunsa yake.

Yau bayan coci na tayar da injin 'yan gwangwan ɗin a kan teburin ƙarfen da ka haɗa masa. Ba bonet, sai ya ɗora hannu a gefen teburin. Ya lumshe ido kamar kullum, ai muryar da ya saba da ita ce. Da na kashe ya dubi ƙofa ya ce, "Gene." Kalma ta shida ke nan.

Saura kwana takwas ɗaya ga wata. Na yi ta tunanin me za ka juya. A nan akwai inji, ni kuma ban iya cire fulogi ba. Ɗakin baya ba kowa, na canza zanen gado.

Ka huta lafiya.
Jikarka,
Delia.